Ziyarar Zumunci a Zangon Kwatano: Ranar da Muka Nemi Mai-Sunan-Malam

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana ƙasa muke tafiya a bayanta, Ya kuma sanya 'ya'ya su zama sanyin ido da amana a wuyan iyaye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa magidanta da iyayen gida masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wata tafiya da muka yi daga Maraɗi zuwa Kwatano a watan Disamba na shekarar 2022. Mun tafi suna ne, mun ga gari, mun sada zumunci, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata sa'a guda ta ranar Juma'a, wadda a cikinta jikana ya ɓata a unguwar Zango. Na daɗe ina jin nauyin rubuta labarin, domin laifin nawa ne. Daga baya na ga cewa ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Hanyar fatake

Ƙanena ya shekara fiye da 20 yana zaune a Kwatano, yana harkar fiton kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Nijar. Da aka yi masa haihuwa ya bugo waya, muka shirya mu huɗu: ni da uwargidana, da matar babban ɗana, da ɗanta na fari wanda bai cika shekara 3 ba. Sunan mahaifina marigayi aka sa wa yaron, saboda haka ba mai kiran sunansa na yanka a gidanmu. Kowa Baba yake ce masa, kakarsa kuwa Mai-Sunan-Malam.

Tafiyar kimanin kilomita 1,400 ce. Mun bi ta Birnin Ƙonni da Dogonduci da Doso har Gaya, muka haye gadar kogin Kwara muka shiga Malanbil, garin farko na ƙasar Benin. A lokacin iyakar a buɗe take; sai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gadar, matafiya suka koma tsallaka kogin da kwalekwale. Daga Malanbil muka nausa kudu ta Kandi da Paraku da Dasa da Bohikon. Tun muna ganin ƙaya da gawo da rumbunan gero, har muka soma ganin gonakin auduga da doya, daga baya kwakwar manja da abarba suka rufe gefen hanya.

Ba mu ne farkon Hausawan da suka ratsa wannan ƙasa ba. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina, su bi ta ƙasar Bargu, ta Nikki da Paraku da Jugu, su nufi Gwanja sayen goro. Inda ayari ya yada kaya ya kwana, shi ne zango. Da kaɗan da kaɗan zango ya zama unguwa, har ga shi yau akwai Zango a Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano, kowanne da masallacinsa da mahautansa da makarantun allonsa.

Garin yashi da babura

Kwatano gari ne da ke zaune a kan yashi, tsakanin teku daga kudu da tafkin Nokuwe daga arewa. A shekarar 1885 Faransawa suka haƙa mashigin da ya haɗa tafkin da teku, shi ne ruwan da ya raba garin gida biyu. Porto-Novo ce babban birnin ƙasa a hukumance, amma kasuwanci da ma'aikatun gwamnati suna Kwatano. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum 679,012 a cikin birnin kaɗai, ban da ɗimbin masu shigowa kullum daga garuruwan kewaye.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne 'yan kabu-kabu, waɗanda ake kira zemijan, wato "ɗauke ni da sauri" a harshen Fon. Rigunansu rawaya ne, kuma idan danja ta tsayar da su a mahaɗar hanya, sai ka ga titi ya yi rawaya kamar gonar da ta yi fure. Ba su bin babban titi kaɗai. Har cikin lungunan yashi da mutanen garin ke kira "von" suke kutsawa, su bi ta ƙofar gida, su ratsa tsakanin masu talla da yara masu wasa.

Unguwar Zango tana tsakiyar gari, ba nisa da tashar jirgin ruwa da tashar jirgin ƙasa, kuma tana maƙwabtaka da Jonke, inda 'yan canji da motocin haya suke. Da muka sauka sai na ji kamar ban bar gida ba. Ga ƙamshin tsire, wanda a nan suke ce wa cacanga, ga mai shayi da teburinsa, ga masu sayar da hula da carbi da turare, ga kiran salla daga kowace kusurwa. Za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dendi da Yarabanci da Fulatanci a cikin taku 20. Babban masallacin Zango kuwa shi ne cibiyar unguwar, kuma ranar Juma'a jama'a kan yi yawan da har a farkon 2017 aka yi taƙaddama tsakanin hukuma da Musulmi a kan yin salla a bisa tituna, sai da shugaban ƙasa na lokacin, Patrice Talon, ya zauna da shugabannin addini.

Wannan kama da gida ita ce ta ruɗe ni. Na ga Hausawa ko'ina, na saki jiki, na manta cewa a unguwarmu ta Maraɗi duk wanda ya ga yaron ya san ɗan gidan wane ne, a nan kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

"Ga shi nan, ku duba shi"

Suna ya faɗo ranar Juma'a. Da sassafe aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, mahauci ya yanka rago. Kafin azahar gida ya cika maƙil da mata: dangin amarya mai jego, da maƙwabta, da matan abokan ƙanena. Tukwane a kan wuta, yara sun fi 30 suna shiga suna fita, ƙofar gida a buɗe tun asuba domin ba a rufe ƙofa ranar suna.

Wajen ƙarfe 1 da kwata na sa babbar riga zan tafi masallaci. Yaron ya riƙe mini gefen riga yana kuka sai ya bi ni. Na ga cunkoson zai yi masa yawa, sai na kama hannunsa na mai da shi bakin tsakar gida, na ɗaga murya na ce, "Ga shi nan, ku duba shi." Na ji wata murya daga cikin mata ta ce, "To." Ban tsaya na ga mai muryar ba. Na juya na fita.

Da aka idar da salla muka dawo da ƙanena muna tafe muna gaisawa da mutane. Ina shiga gida uwargidana ta dubi hannuna, ta dubi bayana, ta ce, "Alhaji, ina Mai-Sunan-Malam?"

Na ce, "Ai na bar muku shi."

Ta ce, "Ba tare kuka tafi masallaci ba?"

A nan ne gabana ya faɗi. Uwar yaron tana can wajen tukwane, tana zaton yana wurin kakarsa. Kakarsa tana ɗakin mai jego, an gaya mata an gan shi riƙe da rigata, ta ɗauka mun tafi tare. Matar da ta amsa mini "to" ba ta ma san wane yaro nake nufi ba cikin yaran da ke gabanta. Manya fiye da 40 ne a gidan, kowannensu mai son yara, amma yaron ya yi sa'a guda ba ya hannun kowa.

Ƙanena ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, ka yi ta salati, bari mu rarraba." Ya tura samari biyu wajen babban titi, biyu wajen masallaci, ya ce wa mata su duba randuna da bahon wanki da bayan gida da kwatar ƙofar gida kafin komai. Ni ban yi wannan tunani ba; ni da na tashi ƙarƙashin gado zan fara leƙawa. Shi ya san garin, ya san cewa inda ke kisa ake fara dubawa, inda ake ɓuya ya biyo baya.

Abin da ba zan manta ba shi ne surukata. Yarinya ce mai tsananin kunya, ba ta taɓa ɗaukar yaron a gabana ba, balle ta ambaci sunansa, ga shi ɗan fari, ga shi sunan kakan mijinta. Ran nan sai ga ta ta fita ba takalmi, mayafi a hannu, tana gudu cikin yashi tana ƙwala kiran sunansa na yanka da iyakar muryarta. Ba wanda ya ga laifinta.

Muna cikin haka sai lasifikar wani ƙaramin masallaci ta ɗauka: an tsinci yaro namiji, mai riga shuɗiya, ba ya jin Faransanci, yana wurin mai suyar ayaba a bakin babban titi. Kafin mu isa uwar ta riga mu. Muka tarar da shi goye a bayan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Fon, da sarƙar gicciye a wuyanta, yana barci, hannunsa riƙe da guntun soyayyiyar ayaba.

Wani mai tsire da ke kusa da ita ne ya fassara mana. Ta ce ta hango shi shi kaɗai yana bin bayan masu zuwa masallaci, har ya sa ƙafa a kan kwalta, babura na wucewa, ta bar kaskonta a wuta ta fizgo shi. Ta yi masa magana da Fon, ta yi da Faransanci, kuka kawai yake yi. Sai ta goya shi ta ci gaba da suyarta, ta ƙi matsawa daga wurin don kada masu nema su zo su rasa ta. Da mai tsiren ya dawo daga salla ya tambaye shi da Hausa, "Yaya sunanka?" Ya ce, "Baba." "Yaya sunan babanka?" Ya ce, "Baba." "Ina ne garinku?" Ya ce, "Gida." Mutane suka yi dariya da aka maimaita, ni kuwa ban iya dariya ba. Ashe ko sunan da uwarsa ke kira bai san nasa ba ne. Muryarta kaɗai ya sani.

Na ciro kuɗi na miƙa wa dattijuwar, ta ƙi karɓa. Ta ce ita ma tana da jikoki. Na koyi kalma guda ta harshensu a ranar, "awanu", wato an gode, na yi ta maimaita ta. Da yamma uwargidana da surukata suka kai mata naman suna da turmin atamfa, wannan kam ta karɓa. Allah Ya saka mata da alheri.

Abin da muka sake

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne. Dattijuwar nan ta tabbatar da shi. Amma na gane cewa karin maganar tana magana ne a kan wanda ya tsinci yaro, ba ta sauke nauyi daga kan wanda ya zo da shi ba. Yaron da aka bar wa "kowa" ba a bar wa kowa shi ba. A gidan da mutum 2 suke, yaro ba ya ɓata, domin kowa ya san idan ba ya wurina yana wurin ɗayan. A gidan biki ne yake ɓata, inda ido ya yi yawa, kowa ya dogara da idon wani.

A daren muka zauna muka yi ƙa'ida guda: yaro ba ya barin hannu sai zuwa hannu. Mai bayarwa ya kira sunan mai karɓa, ya ɗora hannun yaron a cikin nasa, mai karɓa ya ce, "Na karɓa." Idan bai faɗa ba, yaron yana nan a wuyan na farko. Haka fatake suke miƙa kaya, haka ƙanena yake miƙa takardun mota a tashar jirgin ruwa, ba ya jefa su cikin taro ya ce "ku duba". Ashe mun fi tsare takarda a kan ɗan mutum. Muka kuma yarda cewa ba za a miƙa shi ga yarinya 'yar shekara 7 ko 8 ba, domin ita ma yarinya ce, wasa zai ɗauke mata hankali, kuma zalunci ne a ɗora mata abin da idan ya ɓaci za ta rayu da shi har tsufanta.

Kwana 2 bayan haka muka jarraba ƙa'idar a kasuwar Dantokpa, wadda a lokacin ake lissafa ta cikin mafiya girman kasuwannin Afirka ta Yamma, shimfiɗe a bakin ruwa a fili mai kusan hekta 20. Tun daga 2024 gwamnati ta soma buɗe sababbin kasuwanni a unguwannin birnin, cikin shirinta na kwashe 'yan kasuwar zuwa wasu wurare, amma mu mun same ta da cikarta. Lungunanta ƙunci gare su, masu turin kura na ihu a ba su hanya, mata ɗauke da manyan kwanduna a ka ba su ganin abin da ke ƙasa da gwiwarsu. Yaro ɗan shekara 3 tsawonsa bai kai saman tebur ba. Taku 3 ya yi, ya ɓace wa ido. A nan surukata ta ajiye kunya ta goya shi, ta ɗaure da majanyi. Ban ga dabarar da ta kai goyo ba a wuri irin wannan, kuma iyayenmu mata sun riga kowa saninta.

A kasuwar na ga 'yan mata ƙanana da yawa suna talla, ƙanena ya ce wasunsu 'ya'yan riƙo ne da aka kawo daga ƙauye, waɗanda ake kira bidomegon. Al'ada ce da ta faro da taimakon dangi, amma miyagu suka mai da ita hanyar bautar da yara. Tsofaffin garin ba su manta da jirgin ruwan Etireno ba, wanda ya dawo tashar Kwatano a watan Afrilu na 2001 ɗauke da yaran da aka nufi Gabon da su. Ƙasar ta kafa dokar kare yara a 2015, akwai kuma ofishin 'yan sanda na musamman mai kula da ƙananan yara a Kwatano, sannan a 2020 aka buɗe lambar waya ta kyauta, 138, domin kai rahoton yaron da ke cikin haɗari. Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba. Mafi yawan yaran da suka ɓata a taro hannun mutanen kirki suke faɗawa, kamar namu. Amma ya kamata baƙo ya san ƙofar da zai buga.

Ranar da za mu yi bankwana da garin aka kai mu dandalin Amazon, inda aka ƙaddamar da mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 a watan Yuli na 2022, daga nan muka wuce bakin teku a Fijirose. Mutumin Sahil idan ya ga teku sai ya tsaya yana tasbihi, yaro kuwa gudu yake yi ya nufe ta. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfin ja, ko babba ba ya wasa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba sai teku ba: bahon wanki da bokiti da rijiya marar murfi sun isa, kuma yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Ni na riƙe shi a ranar. Na ce, "Na karɓa," a gaban kowa, ban sake shi ba har muka shiga mota.

Guzuri ga mai niyyar tafiya

Ga wanda zai kai iyalinsa ziyara Kwatano ko Lome ko Legas ko ma Kano, ga abin da muka koya. A rubuta sunan yaro na yanka da sunan mahaifinsa da lambar wayar mai masauki a ƙyalle ko takarda mai kauri, a maƙala a cikin rigarsa, da Faransanci ko Turanci gwargwadon ƙasar. A sa lambar ƙasa a gaba: 229 ta Benin, 227 ta Nijar, 234 ta Nijeriya. A kuma lura cewa tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin sun koma 10, an ƙara 01 a farkonsu, don haka a gyara tsofaffin da ke cikin waya. Ko a Masallacin Harami na Makka ma'aikata kan ɗaura wa yara abin hannu mai ɗauke da lambar iyayensu, saboda haka ba baƙon abu ba ne.

A sa wa yaro tufa mai launin da ake hangowa daga nesa, a ɗauki hotonsa da waya kafin a fita. A koya masa sunansa na gaskiya da na mahaifinsa da na garinsu. Alkunya ado ce, amma ana iya sa kawu ko gwaggo su koya masa cikin wasa. Wanda ya kai shekara 4 ko 5 a koya masa cewa idan ya daina ganin nasa, ya tsaya inda yake, ya nemi mace mai goyo ko mai rumfa. Ranar suna ko biki a zaunar da babba guda a bakin ƙofa, aikinsa ke nan. Idan kuwa abin ya auku, kada a yi nema a ɓoye don gudun abin faɗa. A fara da titi da ruwa, a ɗaga murya a faɗi shekarunsa da launin rigarsa, a aika wa ladan, a bar mutum guda a inda aka gan shi na ƙarshe. In an same shi kada a doke shi. Bai yi laifi ba, kakansa ya bi.

Wani zai ce tsari na Allah ne. Haka ne, kuma ba dabararmu ce ta dawo mana da yaron ba. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, ya kuma sanar da mu cewa kowane magidanci abin tambaya ne a kan waɗanda aka ba shi kiwo. Addu'ar tsari da muke tofa wa yara safe da yamma tana tafiya ne tare da riƙon hannu.

Yaron yanzu ya shiga makaranta, yana faɗin sunansa da na ubansa da na kakansa ba gargada. Duk lokacin da ƙanena ya bugo waya, uwargidana sai ta ce ya gai da mai ayaba. Allah Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, Ya tsare su daga sharrin hanya da ruwa da wuta, Ya ƙara danƙon zumunci tsakaninmu da 'yan'uwanmu mazauna zango-zango, Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ɗora mana. Amin.